MUTANEN NORWE DA BIKIN WASANNIN HUNTURU: WANDA ZAI BIYA SHI A KE TAMBAYA

Ga wata mas'ala daga ƙasar Norwe, can arewacin Turai, wadda ta cancanci mai hankali ya tsaya ya dube ta. Mas'alar kuwa ita ce: idan jama'a suna son wani abu so mai tsanani, ko wannan so ya ba shugabanni ikon buɗe Baitulmali dominsa ba da yardar masu biyan haraji ba? Mutanen Norwe sun amsa a shekarar 2014, suka ce a'a. Amsarsu kuwa daidai ce.

Da farko mai karatu ya san cewa hunturun ƙasar nan ba irin na ƙasar Hausa ba ne. Can dusar ƙanƙara ke sauka ta rufe gonaki da hanyoyi wata da watanni. Saboda haka tun zamanin da can mutanensu su kan ɗaura katakai biyu dogaye, sirara, a ƙafafu, su riƙe sanduna biyu, su yi ta zamiya bisa dusar. Abin da ya fara don larurar tafiya ya zama wasa, wasan kuma ya shiga tarihin mulkinsu. A shekarar 1206, lokacin yaƙin basasa, waɗansu mayaƙa biyu suka ɗauki jariri ɗan sarki, suka ƙetare duwatsu da shi bisa katakan nan don kada maƙiya su kashe shi. Shi ne ya girma ya zama Sarki Hakon na huɗu. Tun 1932 su ke yin tseren tunawa da wannan, tsawonsa kilomita 54, kowane ɗan tsere da kaya a baya mai nauyin kilo uku da rabi, watau madadin jaririn. Haka kuma a 1973, sa'ad da man fetur ya yi wuya, aka ga Sarki Olaf na biyar ya shiga jirgin ƙasa tare da talakawansa za shi zamiya, har ya miƙa kuɗin tikiti. Sau biyu ƙasar ta karɓi baƙuncin Wasannin Olimfik na hunturu, a Oslo a 1952, da Lilehama a 1994. To, mutanen da wannan ne halinsu, ba wanda zai ce ba su san darajar wasan ba.

Sa'an nan birnin Oslo ya nemi a ba shi wasannin 2022. A watan Satumba na 2013 aka tambayi mazauna birnin ta hanyar ƙuri'a, kimanin 55 cikin 100 suka yarda. Amma fa nan gizo ke saƙa. A lokacin, Kwamitin Olimfik na duniya ba zai ba da wasannin ba sai gwamnatin ƙasa ta sa hannu ta lamunce abin da za a kashe. Lamunin da aka nema kuwa ya kai kimanin krona miliyan dubu 35. Watau birni ɗaya ya yi gayya, amma ƙasa duka za ta ɗauki tukunya. Masunci da ke can ƙuryar arewa, wanda tsakaninsa da Oslo ya fi kilomita dubu, ba a tambaye shi ba, alhali harajinsa na ciki. A mafi yawan lokutan da aka auna ra'ayin ƙasa gaba ɗaya a cikin 2014, sai a tarar masu ƙi sun fi masu so, mutanen arewa kuwa su ne kan gaba wajen ƙi.

Abu biyu suka ƙara wa wutar itace. Na ɗaya, a watan Fabrairu na 2014 Rasha ta yi nata wasannin a Sochi, abin da aka kashe kuwa, har da hanyoyi da gine-gine, aka ƙiyasta ya kai dala miliyan dubu 50. Gani ga wane ya ishi wane. Na biyu, wata jaridar ƙasar mai suna VG ta buga abubuwan da a ke so a tanadar wa manyan Kwamitin: a tarye su da girma a filin jirgi, a keɓe musu sashen hanya wanda motar talaka ba za ta bi ba, su gana da Sarki kafin buɗe wasa, a yi musu liyafa ba da kuɗinsu ba. Kwamitin ya ce shawarwari ne kawai, ba sharuɗɗa ba. Amma a ƙasar da Sarki ya miƙa kuɗin tikiti, maganar ba ta yi daɗin ji ba.

Gwamnatin lokacin ta jam'iyyu biyu ce, ƙarƙashin Firayim Minista Erna Solberg. A watan Mayu ƙaramar jam'iyyar ta yi babban taronta, wakilai suka ƙi lamunin. Ran 1 ga Oktoba 'yan majalisa na jam'iyyar Firayim Minista su ma suka ƙi. A ranar Oslo ta janye.

Idan mai tambaya ya ce, ai Norwe ƙasa ce mai wadata, tana da asusun kuɗin mai wanda ya ke cikin mafiya girma a duniya, mene ne krona miliyan dubu 35 a wurinta? Amsa ita ce, yawan dukiya ba ya mai da amana ta zama ganima. Asusun nan an kafa shi a 1990 domin waɗanda ba a haifa ba tukuna, har suka yi wa kansu ƙa'ida cewa ba a cin sai ɗan abin da ya ke daidai da ribarsa kowace shekara. Wakilin da ke riƙe da dukiyar marayu ba ya yanka musu sa don baƙi su yaba, ko da garken ya cika. Tambayar da ta dace ita ce ko masu dukiyar sun yarda, ba ko akwai dukiyar ba.

Idan kuma ya ce, to ga abin da ƙin ya haifar: Sitokholm ta riga ta janye, Karakau ta ƙasar Polan ta janye bayan ƙuri'ar mazaunanta, Libib ta Yukren ta janye saboda rikici, sai Bejin da Almati suka rage. A watan Yuli na 2015 Bejin ta ci da ƙuri'a 44, Almati na da 40. Aka kai wasan dusar ƙanƙara wurin da dusar ba ta cika sauka ba, sai da injuna suka ƙera kusan dukanta. Ashe ba gara ƙasar da ta iya ta karɓa ba? Wannan hujja tana da nauyi, ba a raina ta. Amma laifin ba na manomin Norwe ba ne. Idan biki ya yi tsada har masu mutunci suna gudunsa, mai bikin ne zai rage tsada. Haka kuwa aka yi: a watan Disamba na 2014 Kwamitin ya taru a Monako ya zartar da gyare-gyare 40, cikinsu har da sauƙaƙa neman baƙunci da yarda a yi amfani da filayen da a ke da su tun da. Janyewar garuruwan nan na cikin abin da ya matsa masa. Da kowa ya yi shiru ya biya, da wuya a ce gyaran ya zo da wuri haka.

Saura hujja ta uku, wadda 'yan siyasa su ka fi so: wai ƙin biki zai kashe wasan, ya rage wa ƙasa kwarjini. Wannan kam zamani ya ƙaryata ta. A wasannin 2018 a Koriya ta Kudu 'yan Norwe sun kwashi lambobi 39, a Bejin kuma a 2022 sun ci zinariya 16, kowanne kuwa babu ƙasar da ta taɓa kai haka kafin lokacin, alhali mutanensu duka ba su kai miliyan 6 ba. Dalili shi ne ƙarfin wasan ba a dandalin biki ya ke ba. Yana cikin ƙananan ƙungiyoyi na ƙauyuka, inda iyaye ke koya wa yara ba da lada ba, inda kuma ƙa'idarsu ta hana a sa yaro gasar zakaran ƙasa kafin ya kai shekara 13. Mai shuka ya fi mai kiɗa amfani ga rumbu.

Abin lura ga talaka a nan shi ne, son abu dabam, yarda a ci bashi da sunansa dabam. Wanda ya ce kada a kashe, bai zama maƙiyin ƙasa ba, sau da yawa ma shi ne ya fi kishinta. Abin lura ga shugaba kuwa, 'yan majalisar nan da yawa suna son bikin a ransu, amma da suka ga ra'iyya ba ta so, suka ajiye son ransu. Ba su jira an kā da su ba kafin su ji. Daidai ruwa, daidai tsaki.