Takin Birni da Awon Ƙasa: Abin da Ido Ba Ya Gani a Gonakin Kano

Tun kafin a san buhun takin zamani a ƙasar Hausa, birnin Kano yana da hanyar da yake ciyar da gonakin da ke ciyar da shi. Da rani, jakuna kan shigo ta ƙofofin ganuwa ɗauke da itace da kara, su fita da mangaloli cike da toka, da kashin tumaki da awaki, da sharar tsakar gida. Manomi ya jera tarin takin a gona, ya jira saukar damina. Michael Mortimore, masanin da ya koyar a Zariya da Kano, ya yi nazarin karkarar birnin tun daga shekarun 1960, ya kuma nuna cewa wannan musaya tana cikin dalilan da suka sa ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, amma ba ta mutu ba. Abin da Turai ke kira noma ba da sinadari ba, har take sayar da amfaninsa da tsada, tsohuwar sana'a ce a Kano.

Sai dai jujin yau ba jujin jiya ba ne. Sharar da ake kwasa daga lungunan birni yanzu haɗe take da leda, da matattun batura, da fasassun kayan lantarki, da kwalaben magani. Kogin Jakara, wanda masu lambu ke shayar da latas da alayyafo da ruwansa, yana kwashe dattin kwatamin birni, kuma a gaba yana haɗuwa da rafin Getsi mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai. Binciken jami'o'i ya sha gano ƙarafa masu guba, irin su dalma da kuromiyam, a ruwa da ƙasar wannan yanki. Saboda haka, cewa taki na gargajiya ne ba ta isa shaidar tsabtarsa ba. Awo ne kawai zai raba gardama.

Tarihin awon ƙasa a Arewa ya soma ne daga Samaru, kusa da Zariya, inda gwamnatin mulkin mallaka ta kafa tashar binciken noma a 1922. Hankalin tashar a farkonta ya fi karkata ga auduga da gyaɗa, kayan da jirgin ƙasa ke kwasa zuwa bakin teku. A 1962 ta koma Cibiyar Binciken Aikin Gona a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. A can ne aka fara wani gwaji a 1950 wanda ya cancanci kowane mai magana kan taki ya san shi. An yanka fili gida-gida: wani aka riƙa zuba masa kashin shanu, wani takin zamani, wani duka biyun, wani kuma aka bar shi haka nan, ana noma su shekara da shekaru ana auna ƙasarsu. Salon ya yi kama da na Rothamsted a Ingila, inda irin wannan gwaji ke gudana tun 1843.

Abin da Samaru ta gano bai yi wa kowane ɓangare daɗi ba. Filayen da aka daɗe ana zuba musu takin zamani mai naitirojin shi kaɗai, ƙasarsu ta ƙara tsami, ƙarfinta ya ragu. Waɗanda suka sami kashin shanu sun fi riƙe ruɓaɓɓen abin da ke sa ƙasa ta riƙe ruwa da abincin shuka. Haɗa biyun kuwa shi ya fi ɗorewa. Dalilin a fili yake: ƙasar wannan yanki mai rairayi ce, naitirojin da fosfaras sun yi mata ƙaranci, zafin rana kuma yana saurin cinye duk abin da ya ruɓe a cikinta. Takin gida yana gina jikin ƙasa, amma ba kullum yake cike giɓin fosfaras ba. Takin zamani yana cike giɓin, amma ba ya gina jikin.

Wannan darasi ya kamata ya sanyaya masu ɗokin a yi watsi da takin zamani dare ɗaya. Siri Lanka ta gwada haka a watan Afrilun 2021, ta hana shigo da shi. Noman shinkafa da shayi ya faɗi, kafin shekara ta ƙare gwamnati ta janye. Ya kamata kuma ya sanyaya masu ganin cewa rabon buhuna shi ne dukan siyasar noma. Taron shugabannin Afirka na Abuja a 2006 ya sa burin kai kilo 50 na taki a kowace hekta, amma buri irin wannan bai ce komai ba game da abin da wata gona a Ungogo ko Kumbotso take buƙata. Zuba taki iri ɗaya a jigawa da fadama tamkar bai wa dukan majinyatan asibiti magani ɗaya ne.

Kano ba ta rasa ɗakunan gwaji ba. Jami'ar Bayero ta kafa Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Yankuna a 2012, tana da kayan auna ƙasa da tsirrai. Cibiyar IITA tana da tasha a birnin. Samaru ma tana da reshe. Matsalar ita ce waɗannan ɗakuna sun fi yi wa ɗalibi mai neman digiri da mai babban kwangila hidima. Sakamakonsu da Turanci yake fitowa, cikin ma'aunan da mai lambu a Ƙofar Ruwa bai taɓa aiki da su ba.

Akwai mai cewa manomi ya san ƙasarsa, ba ya buƙatar kwalba da na'ura. Da gaskiyarsa ta wani fanni. Manomin Kano ya san bambancin jigawa da jangargari, ya san abin da ƙuduji ke nufi idan ya mamaye dawa, ya san albarkar da ke ƙarƙashin gawo. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Sai dai ido ba ya ganin dalma a ganyen latas, kuma ba ya ganin ragowar maganin ƙwari a ƙwayar wake. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Turai ta auna, ta mayar. Wanda ya saura a gida, ba wanda ya auna shi kafin ya shiga tukunya.

Gyaran bai fi ƙarfin jiha ba. Da farko, a buɗe wuraren karɓar samfuri a inda manoma da 'yan kasuwa suke taruwa, kamar Dawanau da 'Yankaba, a riƙa kai su ɗakunan gwajin da ake da su, maimakon gina sababbi. Na biyu, sakamako ya fito da Hausa, boko da ajami, cikin lissafin mangala da buhu da mudu, malaman gona na hukumar KNARDA su yi bayaninsa. Na uku, kuma mafi gaggawa, a riƙa auna takin kansa tun yana juji, a ware leda da batura, kafin mota ta kai shi gona. Kuɗin awo nauyi ne ga mai ƙaramar gona, amma manoman ƙauye ɗaya masu ƙasa iri ɗaya za su iya haɗa samfuri su raba kuɗin, kuma ba kowace damina ake buƙatar maimaitawa ba.

Ƙarnuka da dama birni da karkara sun yi wannan ciniki bisa amana: birni ya ba da taki, karkara ta mayar da hatsi da ganye. Amanar ta tsaya ne a kan cewa abin da ke fita ta ƙofar ganuwa toka ce da kashin dabba. Tunda abin da ke cikin mangalar ya canja, wajibi ne a san abin da ke cikinta, domin duk abin da birni ya aika gona, a kwanonsa zai dawo.