Ɗakin Baya Ma Gida Ne: A Ja Masa Kebul, A Daina Zubar da Kuɗi a Busta



Duk wanda ya san garin nan ya san yadda gidajenmu suka koma. Haya ta yi tsada a cikin birnin Abuja, ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai suka kwararo Jiwa da Gwagwa da Karmo da Dei-Dei, duk mai fili kuma ya ƙara ɗakuna biyu ko uku a bayan gida. Wasu na kiransu boskwata, wasu shagon samari, wasu ɗakin baƙi. An kai musu wutar AEDC, an kai musu ruwan bohol. Da aka zo kan intanet sai aka ajiye rauta a falon maigida, aka ce na baya su yi ta maneji da abin da ya tsallako katanga. In sun yi ƙorafi, a je kasuwa a sayo wata 'yar na'ura mai ƙahonni da ake kira busta, a soka ta a bango, a ce an gama magana.

Mu a wannan shafi muna cewa ba a gama ba. Busta asarar kuɗi ce a yawancin gidajenmu, kuma barin ɗakin baya ba intanet rashin adalci ne ga mutanen da suka fi kowa bukatarsa. Maganin a bayyane yake, tsoho ne, ba shi da tsada: a ja kebul daga babban gida zuwa ɗakin baya.

A fara da tambayar su wa ke kwana a waɗannan ɗakuna. Ɗan maigida ne da ke shirin JAMB, jarrabawar da tun 2015 ba a yinta sai a kwamfuta. Ƙanen uwargida ne da ke karatu a Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, wadda hedikwatarta ke nan Jabi, wanda rajistarsa da littattafansa da aikin gwajinsa duk a intanet suke. Ɗan haya ne mai sana'ar POS, ko tela mai tura wa kwastomomi hoton ɗinki, ko bazawara mai sayar da turaren wuta ta WhatsApp. WAEC ma ta fara jarrabawa a kwamfuta ga masu zana ta ƙashin kansu a 2024. Ashe kenan waɗanda abincinsu da karatunsu suka rataya a kan intanet su ne a can baya, sabis mai ƙarfi kuma yana falo, inda galibi bidiyon barkwanci ake kallo da shi.

Yanzu ga dalilin da ya sa busta ba ta cika alƙawarin da mai shago ya yi. Wi-Fi igiyar rediyo ce mai rauni, an ƙera ta don ɗaki da falo. Tana tafiya a zango biyu da aka fi sani: na 2.4 GHz, wanda ya fi nisa amma ya fi cunkoso da jinkiri, da na 5 GHz, wanda ya fi gudu amma bango ɗaya ko biyu sun isa su raunana shi. To dubi ginin Jiwa. Bulon siminti ne mai inci 9, ga rodi a cikin ginshiƙai, ga dekin na kankare, ga rufin kwano, ga ƙofofi da tagogin ƙarfe, a tsakar gida kuma ga tankin ruwa. Ƙarfe yana mayar da igiyar baya, kankare da ruwa suna shanye ta. Kafin ta fita daga falo ta ratsa ɗakin uwargida da kicin, ta haye tsakar gida ta shiga wani bangon, ta galabaita.

Ita busta ba ta ƙirƙirar sabis. Abin da ta ji shi take maimaitawa. In ta ji magana a dakushe, a dakushe za ta isar, sai dai da babbar murya. Irin mai arahar da ta cika kasuwa kuma rediyo ɗaya gare ta, da shi take saurare, da shi take magana, don haka gudun intanet ɗin yakan ragu zuwa kusan rabi tun kafin ya bar hannunta. Shi ya sa za ka ga sandunan Wi-Fi sun cika a wayarka, amma shafi ya ƙi buɗewa. Sayen babbar rauta ma ba ya warware matsalar, domin hira ce tsakanin biyu. Ko rautar ta iya ƙwala ihu har bayan gida, wayar da ke hannun yaro ba ta da makogwaron da za ta mayar da amsa ta cikin bango huɗu.

Akwai kuma masu tallar na'urar da ke tura intanet ta cikin wayoyin lantarki na gida. A ƙasashen da wuta ke tsaye cak, wayarin ɗin kuma yake bisa ƙa'ida, tana aiki. A nan sau da yawa ɗakin baya yana da mitar wutarsa daban, ko yana kan wani layin, ga sauya wuta tsakanin ta gwamnati da janareta da inbata sau biyar a yini. Wanda ya sayi wannan a Jiwa caca ya yi.

Kebul ba ruwansa da duk wannan. Irin wanda ake kira Cat5e ko Cat6 yana ɗaukar gudun gigabit 1 har nisan mita 100 ba tare da raguwa ba, kuma da wuya a samu gida a garin nan da tsakanin falonsa da ɗakin bayansa ya kai rabin haka. Kai ɗaya a bayan rautar falo, ɗayan kan a jikin wata ƙaramar na'ura mai watsa Wi-Fi a cikin ɗakin baya, shi ke nan. Tsohuwar rautar da aka jefar a durowa ma takan iya wannan aikin in an saita ta. Akwai kuma tsarin da ake kira PoE, inda kebul ɗin da kansa ke kai wa na'urar baya wutar da take bukata. Ma'ana, in babban gida na da sola ko inbata, intanet ɗin baya ba zai mutu ba don an ɗauke wuta.

Sai dai aikin na da sharuɗɗa, kuma a nan ne ake cutar mutane.

Na farko, ingancin kebul. Kasuwa cike take da wanda aka rubuta wa Cat6 a kwali, alhali alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Yana saurin karyewa, yana zafi in an ɗora masa wuta, kuma ba ya kai nisan da na gaske ke kaiwa. Gwajinsa ba wuya: a feɗe silin waya ɗaya a kankare shi da wuƙa. In cikinsa ya fito fari, a mayar wa mai shi. Araha ba ta ado.

Na biyu, hanyar da zai bi. Kebul na cikin ɗaki ba ya jure ranar Abuja, robarsa takan bushe ta tsattsage. A nemi na waje mai baƙar riga, a zura shi a bututun roba, a binne. Kada a haɗa shi bututu ɗaya da wayar lantarki. Kada kuma a rataye shi a iska daga rufi zuwa rufi kamar igiyar shanya.

Na uku shi ne tsawa, kuma ba abin wasa ba ne. Daga wajen Afrilu zuwa Oktoba kowa ya san irin hadarin da ke tasowa a yankin nan. Wayar jan ƙarfe da ta haɗa gini biyu tana iya ɗauko ƙarfin tsawar da ta faɗi kusa, ta ƙona rauta da duk abin da ke jone da ita. Binnewa na rage haɗarin, sanya na'urar kariya a kowane kai tare da wayar ƙasa mai kyau na ƙara ragewa. Wanda ginin nasa ke da nisa, ko yake wurin da tsawa ta saba yin ɓarna, ya ja faiba. Zaren gilashi ne, lantarki ba ya bin sa, kuma yana wuce mita 100 nesa ba kusa ba. Ƙananan na'urori biyu kawai yake bukata, ɗaya a kowane kai. Inda titi ko filin wani ya raba gine-ginen har ba damar haƙa, akwai 'yan faifan rediyo biyu da ake kafawa suna kallon juna, muddin ba gini ko bishiya a tsakaninsu. Wannan ma ya fi busta goma.

Mun san abin da masu gidaje za su ce, don mun sha ji.

Wani zai ce ɗan haya ya sayi datarsa, ba hakkina ba ne. To a yi lissafi. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin 100. Gida mai mutum takwas, kowa na sayen 'yar datar kwana ɗaya ko ta mako, ita ce mafi tsada in aka auna da gigabait, alhali babban tsarin wata guda da aka haɗa kuɗi aka saya ya fi sauƙi ga kowa. MTN ta ƙaddamar da 5G a 2022, Starlink ta shigo Najeriya a farkon 2023, kuma duk wanda ya iya biyan irin waɗannan layuka ya san gidansa kaɗai ba ya cinye ƙarfinsu. Muna raba kuɗin wuta, muna raba na gyaran famfo da kwashe shara. A duba sharuɗɗan kamfanin da aka yi rajista da shi, a zauna a yanke abin da kowane ɗaki zai riƙa bayarwa, a rubuta. Maigida ma nauyinsa ya ragu.

Wani zai ce intanet na lalata yara, gara ya tsaya inda idona ke gani. Wannan damuwa gaskiya ce, amma maganin da aka zaɓa ya juye. Yaron da aka hana Wi-Fi yana da layinsa a aljihu, yana sayen datar dare, ba wanda ya san ina ya shiga ko ƙarfe nawa ya kwanta. Intanet ɗin da ya biyo ta rautar maigida kuwa linzaminsa na hannun maigida. Rautoci da yawa na ba da damar kashe na baya a lokacin da aka ga dama, da toshe shafukan banza, da ganin wayoyin da ke kai. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. In sabis bai kai baya ba, samari da baƙi ne ke raɓe-raɓe a jikin tagogin cikin gida da daddare suna neman sanda ɗaya. Wanda ke kishin sirrin iyalinsa shi ya kamata ya fara kai musu sabis ɗakinsu, don su zauna can.

Wani kuma zai ce ya riga ya zuba siminti ko ya shimfiɗa intalok a tsakar gida, ba zai fasa ba. Intalok ana ɗaga shi a mayar. Inda siminti ne, bututu na iya bin gindin katanga a ɗaure shi da kyau. Amma wannan uzurin shi ya kawo mu ga waɗanda muka fi ɗora wa laifi, wato magina da masu wayarin. Ku ne ke tsaye ranar da ake haƙa ramin ruwa da na wuta zuwa ɗakin baya. Ramin a buɗe yake, kasuwar kayan gini ta Dei-Dei na nan kusa, kuɗin bututun roba guda ba a ko lissafa shi kusa da na siminti da rodi. Me ya hana ku ce wa mai gini, Alhaji, a ƙara bututu ɗaya da igiya a ciki saboda gaba? Mai gida bai sani ba, ku kun sani, ko ya kamata ku sani. Yin shiru a ranar, sannan a dawo bayan shekara biyu a karɓi kuɗin fasa abin da aka gina, ba sana'a ba ce.

Su ma masu shagon kayan sadarwa muna da magana da su. In mutum ya zo ya ce sabis ba ya kai ɗakin baya, a tambaye shi nisa, a tambaye shi bango nawa ne a tsakani. Miƙa masa busta alhali an san za ta zama kwalliyar bango cin amana ne, ko da ya biya da murmushi.

Abin da muke kira a yi ba ya bukatar jiran gwamnati ko wani kamfani. Kwalin kebul guda mita 305 ne, ya ishi gidaje da dama, don haka maƙwabta su haɗa kuɗi su sayi mai kyau guda ɗaya maimakon kowa ya yanko na jabu. Ƙungiya ta mallaki abin matse kan kebul da na'urar gwada shi, a riƙa ara wa mambobi. A zaɓi samari huɗu ko biyar su koyi aikin a wurin wanda ya iya, domin haɗa kan kebul abu ne da mai natsuwa ke koya a yini guda, gidajen da ke bukata kuma ba su ƙirguwa daga nan har Gwagwa. Duk mai niyyar ɗora ɗaki a baya ya sa bututun intanet cikin lissafin farko, tare da na ruwa da na wuta. Mai neman haya kuma ya tambaya tun kafin ya biya, kamar yadda yake tambayar mita da banɗaki.

Wanda ke da aikin haƙa ya yi shi da rani, kafin ruwan farko ya sauka. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma rajistar jarrabawa ba ta jiran kowa.

Allah ya sa mu dace, ya yi wa zuri'armu albarka. Amin.