Daga Dutse Uku: Mai Shiga Jirgin Ruwa Shi Kaɗai

Zancenmu na wannan mako a kan jiragen ruwan yawon shaƙatawa ne, musamman ga wanda ya yi niyyar tafiya shi kaɗai, ko tsohon ma'aikaci ne da ya karɓi kuɗin sallama, ko Hajiya 'yar kasuwa mai son ta huta.

Mu nan Jos a kan tudu muke, teku kuwa tana nesa, amma labarin jirgin ruwa ba baƙonmu ba ne. Bayan da hanyar dogo ta iso Jos ta Kafanchan a 1927, Turawan kuza in za su gida hutu sai su gangara Ikko su shiga jirgin kamfanin Elder Dempster. Wanda ya fi suna shi ne Aureol, wanda ya fara aiki a 1951, yana kai fasinjoji Libaful cikin kamar mako biyu, har da ɗalibanmu masu zuwa Ingila karatu. Da jirgin sama ya karya masa kasuwa aka sayar da shi a 1974, ya koma Jidda ya zama masauki. Wancan jirgi na kai mutum wani wuri ne. Na yau kuwa otal ne mai tafiya bisa ruwa, a ci a ciki, a kwana a ciki, a riƙa yada zango gari gari.

To, ga inda gizo ke saƙa. Kuɗin da ake rubutawa a talla na mutum ɗaya ne, amma bisa sharaɗin mutum biyu za su kwana a ɗakin. A ce an rubuta dala 1,000. Kamfani dala 2,000 yake sa ran samu daga ɗakin nan, ban da abin da mutum biyu za su kashe a cikin jirgi. Saboda haka in ka zo kai kaɗai sai a ɗora maka ƙari, sau da yawa har ya kai kuɗin wanda bai zo ba. Ka biya wa mutum biyu ke nan, ka ci tuwon mutum guda.

Akwai mafita uku. Ta farko, ka nemi ɗakin mutum ɗaya. Jirgin Norwegian Epic ya fito da irinsu guda 128 a 2010, aka ƙara wa Queen Mary 2 guda 15 a 2016. Ɗakunan nan ba su da yawa, sai wanda ya yi sammako. Ta biyu, ka jira lokacin da kasuwa ta ja baya, ko lokacin da jirgi zai ƙaura daga wata teku zuwa wata, domin a nan ne ake rage ƙarin, wani lokaci ma a yafe shi. Ta uku, ka sami aboki wanda ka san halinsa ku raba ɗaki, gama kwana bakwai a ƙuntataccen ɗaki da wanda ba ka sani ba, ba hutu ba ne.

Ɗan Nijeriya kuma yana da nasa lissafin. Sai ya hau jirgin sama zuwa inda na ruwan zai tashi, ko Durban ta Afirka ta Kudu, ko Basalona ta Sifen, ko Jidda, inda jirgin Aroya na Saudiyya ya fara tashi a Disamba 2024, ba giya ba caca. Sai biza, wadda tilas ya bincika ta kowace ƙasar da za a tsaya tun kafin ya biya. Sai inshorar lafiya, domin likitan jirgi ba kyauta yake duba mutum ba. Sai tukuicin ma'aikata da kamfanoni da yawa ke cirewa kowace rana, da kuɗin intanet, da na zagaya gari in an yada zango. Duk da kuɗin ƙasashen waje ake biya, kun kuwa san yadda naira take.

Shawararmu ita ce, kafin ka miƙa ko kwabo, ka ce wa dillalin tafiya ya rubuta maka jimillar abin da mutum ɗaya zai biya, daga filin jirgin Heipang har dawowa. In aljihu ya ɗauka, Allah ya kiyaye hanya. In bai ɗauka ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.