Waƙar bikinmu ta yi kasuwa a Amurka, mawaƙin garinmu kuwa ko dala bai gani ba

Jama'a 'yan kasuwa maza da mata, yau zancen kiɗa muka kawo maku, amma ku yi haƙuri, zancen ciniki ne.

A shekarar 2022 wani kamfanin faifai na birnin New York mai suna Matador ya fito da ƙananan faifai biyu na Mdou Moctar, Buzun nan mai jita ɗan jihar Tawa, masu suna Niger EP Vol. 1 da Vol. 2. Waƙoƙi kaɗan ne a kan kowane. Ba a wani babban ɗakin ɗaukar murya aka yi su ba. A nan Nijar aka ɗauke su, wasu wajen bukin aure, wasu cikin gida lokacin gwaji. Masu sharhin kiɗa na Amurka da Ingila, waɗanda suka riga suka yaba wa faifansa Afrique Victime na 2021, suka karɓe su hannu bibbiyu. Abin da mu muke ji a bakin rumfa muna auna gero, shi ne su suke sa kuɗi su saya.

To ta wace hanya ya kai can? Ta hannun irinmu. A Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko a 2008, da irin muryar na'ura ta waƙoƙin finafinan Hausa. Daga nan suka riƙa yawo daga salula zuwa salula har arewacin Mali. Can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ji su, ya sa guda cikin faifan da ya haɗa a 2011, sannan ya bi sawun mawaƙin har ya same shi ya ba shi kasonsa. Wannan wurin ne ya kamata ya tsaya mana a rai: baƙo ya tsallako teku neman mai haƙƙi.

Mu fa? Ranar kasuwa a Saye Sabuwa, ko Gazawa, ko Agye, ko Gidan Rumji, yaro na zaune da kwamfuta yana cika wa mutane katin salula da waƙoƙi. Ba mu zarge shi ba, abincinsa yake nema, ya fi zaman banza. Amma cikin waƙoƙin akwai na mai kalangun da ya kwana yana kiɗa a bukin 'yarmu, da mai gurmi, da zabiyar da muryarta ta dushe. An ɗauke su da salula ba a tambaye su ba, ana ciniki da su, su kuwa sai ɗan abin da aka liƙa masu a daren. Wace mai ƙosai ce za ta yarda a kwashe mata tire a kai wata rumfa a sayar, a ce mata ai an yaba daɗinsa?

Akwai hukumar kare haƙƙin mawallafa ta ƙasa, BNDA, amma mawaƙin ƙauye nawa ne ya san ƙofarta? Muna roƙonta ta fito daga Yamai da Maraɗi ta shigo kasuwannin ƙauye ta rubuta sunayensu. Kafin nan, shugabannin 'yan kasuwa na iya zama da masu tura waƙa a tsayar da magana guda: duk katin da aka sa waƙar ɗan gari, a ware dala biyar a asusu, ƙarshen wata a kai wa sarkin makaɗa ya raba. Ku kuma uwayen buki, in za ku ɗauki zabiya da salula, ku yi jinga da ita tun kafin ta buɗe baki.