MUGUN FATA BA SHI BIYAN HAƘƘIN MA'AIKACI

Ya ku 'yan'uwa ma'aikata da talakawan Nijar,

Akwai wata magana da ke yawo bakin mutane duk lokacin da wani kamfani ya fara rage ma'aikata. Wanda anka sallama shi ce, "Allah shi rushe shi, kowa shi huta." Wanda anka bari shi ce amin, har shi ƙara da tashi. In labari ya zo cewa kamfani ya yi hasara, sai ka ji ana dariya ƙasa-ƙasa wajen mai shayi. Waɗansu ma ba su tsayawa ga baki. Su ga inji na neman mai, su kau da kai. Su ga kaya cikin ruwan sama, su wuce. Wannan magana nike so mu duba tare, don fushi ne na gaskiya, amma an aza shi bisa hanyar da ba ta kai wa gida.

Da fari, kada kowa shi ce waɗannan mutane marasa godiya ne. Mutum ya ba kamfani shekara 20 na ƙarfinshi, rana ɗaya a miƙa mashi takarda bakin ƙofa. An ce babu kuɗɗi, amma motar darekta sabuwa ce. An ce don tsimi anka rage mutane, amma ɗan ƙanen wane da ya zo bara shina nan zaune. Wanda ya tsira kuwa an aza mashi aikin mutum biyu bisa albashin mutum guda, kuma kowane ƙarshen wata shina jiran nashi suna. Mu da ke koyar da yara lakkol mun san ranar da anka sallami uba ba tare da an gaya mamu ba: yaro shi zo babu kaye, shi zo bai karya ba, daga baya shi bar zuwa. Wanda ya ga haka ba ya zargin mai fushi.

Kuma wannan hali da asali. Zamanin aikin tilas, lokacin da Nasara ke kwasar mutane daga gonakinsu zuwa gyaran hanya babu biya, talaka ba shi da wani makami sai shi ja ƙafa, shi karya ƙotar magirbi, shi yi addu'a aikin shi lalace. Ya yi daidai, don ba shi da rabo cikin aikin. Dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny ta kashe aikin tilas ran 11 ga Afrilu 1946. Aikin tilas ya mutu, amma halin da ya shuka cikin zukata bai mutu ba. Har yau da yawanmu na kallon wurin aikinsu kamar na baƙo ne, ko da na ƙasarmu ne.

To, mu duba da ido abin nan da ake roƙo, mu ga kamarshi in ya zo. Arewacin Agadas, kusa da Arlit, akwai garin Akokan. Can kamfanin COMINAK ya fara haƙo yuraniyom ƙarƙashin ƙasa cikin 1978, ya fidda fiye da tan 75,000. Ran 31 ga Maris 2021 anka rufe ramin. Ba mugun fatan kowa ya rufe shi ba. Dutsen ne ya ƙare, kuma farashin yuraniyom ya faɗi tun haɗarin tashar Fukushima ta Japan cikin Maris 2011. Na kawo shi ne don mu ƙidaya wa ya yi hasara. Kamfanin Orano na Faransa, wanda ke jan ragamar aikin, shina da waɗansu ramukka Kanada da Kazakistan, ya ci gaba da sha'aninshi. Akokan ba ta da wani wurin zuwa. Ma'aikata kimanin 600 sunka rasa aiki, bayansu ga ɗaruruwan ma'aikatan 'yan kwangila, bayan waɗannan ga mai tuwo, ga tela, ga mahauci, ga mai gidan haya. Anka bar ma garin tsibin gurɓataccen ƙasa kimanin tan miliyan 20. Kuma kashi 31 cikin 100 na kamfanin na ƙasar Nijar ne ta hannun SOPAMIN. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Ku lura da abu guda cikin wannan labari. Ma'aikatan COMINAK na ainihi suna da sandika. Wakilansu sunka zauna da kamfani tun kafin rufewa, anka yi yarjejeniya, anka biya su kuɗɗin sallama na miliyoyin sefa, tare da kula da lafiyarsu na waɗansu shekaru. Ma'aikatan 'yan kwangila sun shaƙi ƙura iri ɗaya, amma abin da sunka samu bai kai ko kusa ba. Fushinsu bai gaza na 'yan'uwansu ba. Abin da ya raba su shi ne, waɗancan suna da kujera wajen da ake yanke magana, waɗannan ba su da ita.

Kamfanonin da ke namu ma haka. Nijar na cikin ƙasashe 11 da sunka kafa Air Afrique cikin 1961, abin alfaharin 'yancin kai. Bashi da mugun riƙo sunka kashe shi cikin 2002, mutane dubbai sunka koma gida, da yawansu sunka yi shekaru suna bin haƙƙinsu ofis-ofis. Bankin BDRN ya rushe cikin 1990. Wane babba ne ya kwana da yunwa saboda haka? Kamfani mai rai kana iya kai shi ƙara, kana iya tsai da aikinshi har shi saurare ka. Mataccen kamfani kuwa, sai ka shiga layi bayan bankuna ka jira abin da ya rage.

Iyayenmu sun san wata hanya. Ran 10 ga Oktoba 1947 ma'aikatan jirgin ƙasa na Afirka ta Yamma ta Faransa, kimanin mutum 20,000, sunka aje aiki, tun daga Dakar da Bamako har layin Kwatano zuwa Paraku. Sunka daure ma yunwa fiye da wata biyar, har ran 19 ga Maris 1948. Abin da sunka nema shi ne a sa baƙi da farare cikin tsari guda na aiki da albashi. Ba su ce jirgi shi mutu ba. Cewa sunka yi jirgi namu ne, ba ya motsi sai da mu. Ran 3 ga Nuwamba 1952 ma'aikatan yankin duka sunka tashi yajin aiki na kwana guda, ran 15 ga Disamba Faransa ta fitar da dokar ƙwadago ta ƙasashen da take mallaka: awa 40 cikin mako, hutu da biya, da 'yancin sandika. Nan Yamai, cikin waɗannan shekaru, Jibo Bakari, wanda malamin lakkol ne tun fari, ya bi lebura da masu aikin lambu yana haɗa kansu. Duk haƙƙin da muke taƙama da shi yau, ta wannan hanya ya zo. Babu ko ɗaya da tsinuwa ta kawo.

Yanzu magana ta ƙara nauyi. Cikin Yuni 2025 gwamnati ta mai da SOMAÏR, kamfanin yuraniyom na Arlit, mallakar ƙasa. Duk wurin aikin da ya dawo hannunmu, wanda ya yi mashi mugun fata, rumbun gidansu ya nufa da wuta. Kuma duniya na kallo. Akwai masu jiran su ce ɗan Nijar bai iya riƙon komi ba. Kada mu ba su wannan magana da hannunmu.

Amma ku ma shugabannin ma'aikatu, na gwamnati da na 'yan kasuwa, ku saurara. Kishin ƙasa ba bargo ba ne da za ku lulluɓe zalunci da shi. Ranar da ma'aikatanku sunka fara murna da hasararku, ku kunka kai su nan. Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ba ta yarda a rage ma'aikata don matsin kuɗɗi ba sai an zauna da wakilansu, da sanin sufeton ƙwadago. Ga abin da muke nema ga wannan zama:

1. A buɗe littafin kuɗɗi gaban wakilai, su gani da idonsu.
2. Tsimi shi fara daga bisa, ga motoci da tafiye-tafiye da alawus na manya, kafin shi taɓa lebura.
3. A bayyana ma'aunin da anka bi wajen fidda sunaye, a kafa shi ga bango.
4. A biya mutum haƙƙinshi duka kafin shi fita ƙofa.
5. In aiki ya farfaɗo, wanda anka sallama shi za a fara kira.
6. Ma'aikatan 'yan kwangila su shiga yarjejeniya kamar kowa.

Ɗan'uwa ma'aikaci, kada ka haɗiye fushinka, kada kuma ka zubar da shi wajen mai shayi. Kai shi taron sandika. In babu sandika wurin aikinku, ku kafa. In shugabanninta sun yi barci, ku tashe su ko ku sake su. Ka shafa ma injin mai da safe, ka tsai da shi da rana in an hana ka haƙƙinka, don gobe kai za ka tada shi.

Allah shi taimaki ma'aikata. Allah shi ɗaukaka Nijar.