Bayan Illela, baƙi ne mu



Sallah na matsowa, kuma a ƙungiyoyinmu na Madawa, Buza da Keita mata sun fara ɗaukar bashin asusu don zuwa sarin atamfa da kwanoni a Sakkwato ko Kantin Kwari ta Kano. Kuɗin da mace ɗaya ta ƙulle a haɓar zanenta zubin mu duka ne, shi ya sa tafiyarta ta shafe mu duka.

Abin da ke ruɗar mu shi ne harshe. Can ma Hausa ake yi, sai mu manta mun bar gida. To amma daga mun wuce Ƙonni mun taka Illela, wata ƙasa ce da dokarta da kuɗinta, kuma baƙo ko da ido makaho ne.

Mu fara da takardu. Nijar ta fita daga CEDEAO ran 29 ga Janairu 2025. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardunmu har sai an sake shawara, amma wannan ba dalilin tafiya hannu sake ba ne. Mu duba katin ɗan ƙasa ko wa'adinsa bai ƙare ba, mu haɗa da katin rigakafin shawara. Mu kuma tambayi direbobin tasha halin da iyaka take ciki kafin mu tashi, don an rufe ta a 2019, an sake rufe ta a 2023.

Sai hanya. Ta Bangi zuwa Sabon Birni ta fi kusa ga wasunmu, amma yankin nan na fama da ƴan bindiga masu satar mutane. Gara mu bi kwalta ta Galmi da Ƙonni, mu shiga mota cikin tasha, ba bakin hanya ba. Mu yi sammako, kada magariba ta riske mu a daji, kuma mu tafi mu biyu ko uku.

Lissafi ma ya bambanta. Nan in an ce ɗari, dala ɗari ce, wato sefa 500. Can in mai shago ya ce ɗari, naira 100 yake nufi. Mu ji farashin canji wajen mutum biyu ko uku, mu ƙirga kuɗi a gabansu, mu raba su gida biyu a jikinmu.

Kada mu dogara da sayen layin salula na Nijeriya can. Mu rubuta lambar mai masaukinmu da ta shugabar ƙungiya a takarda, mu tuna mai kiran gida sai ya fara da +227. In takardu sun ɓace a Kano, akwai ƙaramin ofishin jakadancin Nijar a garin. Kuma wallahi kada mu karɓi ƙunshin da ba mu san abin da ke ciki ba, ko wa ya ba mu.

Shawararmu ita ce kowace ƙungiya ta ƙara layi ɗaya a littafinta: mai tafiya ta faɗi inda za ta, wurin wa za ta sauka, da ranar dawowarta. In ranar ta wuce shiru, sakatariya ta buga waya tun kafin dare. Mu kawo maganar a zaman zubi na wannan mako.

Allah ya kai mu lafiya, ya maido mu da riba.