Mabiya Ko 'Yan Amshin Shata?

Jama'a, akwai wata sabuwar sarauta da ta shigo ƙasar Hausa, wadda ba a naɗa ta a fada, ba a kuma gadon ta. Ita ce sarautar masu ɗaukar kansu bidiyo da wayar hannu su saka a TikTok ko YouTube ko Facebook. Mai wannan sarauta ba ya lissafin talakawansa da gidaje ko gandaye, sai da abin da ake kira mabiya: wane yana da dubu ɗari, wance ta haye miliyan. To, yau ba da sarakunan zan yi ba. Da talakawan zan yi, musamman waɗanda muke zama aji ɗaya da su a jami'a, muna nazarin Hausa, waɗanda ya kamata a ce su ake bi amma suka zaɓi su zama 'yan amshi.

Duk wanda ya san ƙasarmu ta Gezawa ya san ba wurin zaman banza ba ne. Gona na jikin gona, gida na hango gida, tun daga Jogana har Tumbau da wuya ka ga saura ko daji. Amma ka je shagon mai cajin waya bayan sallar isha'i, ko majalisar samari a gindin darbejiya, ka saurari abin da ake gardama a kai. Samari sun rabu gida biyu saboda wasu mutum biyu da ke zagin juna a birni, waɗanda ba su san akwai wani gari wai shi Gezawa ba. Kowane ɓangare ya buɗe zaure a WhatsApp, an sa masa suna masoyan wane, da shugaba da sakatare har da ma'aji. Aikin zauren kuwa bai wuce a tura bidiyon gwani, a yaba, sa'an nan a ɗunguma a je shafin abokin hamayyarsa a zazzaga ashar ba. Idan hutu ya zo, ɗan jami'a ya dawo gida, maimakon ya raba gardama sai ka tarar shi aka ba sakatare, don ya fi iya rubutu.

Ya kamata mu san abin da ke ƙarƙashin wannan harka, domin kuwa kasuwa ce, kuma hajar da ake sayarwa a cikinta idon mai kallo ne. Tun shekarar 2018 YouTube ya sa sharaɗi cewa kafin ya fara raba kuɗin talla da mai tasha, sai ya tara mabiya 1,000 kuma an kalli bidiyoyinsa na awa 4,000 cikin shekara guda. In ya cika, sai a ba shi kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallar. A TikTok kuwa, idan gwani ya buɗe hira kai tsaye, masoya na saya masa kyaututtuka da kuɗinsu, kamfani ya ɗebi rabonsa, ya miƙa masa saura. Na'urar da ke zaɓar abin da za a nuna wa mutane ba ta san gaskiya ba, ba ta san ƙarya ba, abin da ya tsayar da ido kawai ta sani, kuma babu abin da ke tsayar da ido kamar faɗa. Ashe ke nan duk ashar ɗin da masoyi ya rubuta, aiki ya yi wa gwaninsa da abokin hamayyar baki ɗaya, ba lada ba la'ada. Daɗin daɗawa shi ke biyan kuɗin data, wadda a farkon 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta yarda a ƙara wa farashinta har kashi 50 cikin ɗari. Wani da kuɗin ƙwadagon noma yake saye, wani da kuɗin wake da uwarsa ta auna masa na komawa makaranta.

Na san abin da wasu malamanmu da dattawa za su ce: a hana, a kama, a rufe. Ai an gwada. A watan Nuwamba na 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu samari biyu masu barkwanci a TikTok bulala ashirin-ashirin da tara da sharar harabar kotu, saboda taɓa gwamnan wancan lokaci, Abdullahi Umar Ganduje. A farkon 2024 rikicin kamen 'yan TikTok ya kai har Shaikh Aminu Daurawa ya ajiye shugabancin Hisba, kafin a sasanta ya koma. Wa zai ce tun daga nan kallon ya ragu? Sau da yawa ma kamun ƙara wa mutum suna yake yi. Bulala tana iya sa yaro ya ɓoye waya, amma ba ta ba shi abin da zai kalla a madadin wancan.

Bari in kai mai karatu Amurka, don ya ga cewa irin wannan taro na iya zama wani abu dabam. A ranar 1 ga Janairu 2007 wasu 'yan'uwa biyu, John Green da ƙanensa Hank, suka yi alkawarin daina rubuta wa juna saƙo har shekara guda, sai dai su riƙa gaisawa ta bidiyo a YouTube. Hirarsu ta littattafai ce da kimiyya da tarihi da raha. Waɗanda suka taru a kansu kuwa irin yaran nan ne da ake yi wa dariya a makaranta saboda son karatu, waɗanda mu nan za mu ce mayun boko. Turawa na da kalmar ba'a da suke jifan irinsu da ita, sai suka ɗauke ta suka mai da ita kirari, suka kira kansu Nerdfighters. Tun a shekarar farko suka soma gangamin tara kuɗi na shekara-shekara don taimakon mabukata. A 2012 'yan'uwan suka buɗe tashar darussa kyauta mai suna Crash Course. A 2019 suka ɗaura ɗamarar tara dala miliyan 25 don rage mutuwar mata wajen haihuwa a Saliyo, aka aza harsashin asibitin a Koidu a 2021. A 2023 mabiyan suka yi ca a kan kamfanonin da ke riƙe da magani da na'urar gwajin tarin fuka, har aka sauko da farashin gwajin daga kusan dala 10 zuwa kusan dala 8. Gaskiya ne ba su kaɗai suka yi ba, ƙungiyoyin likitoci sun shekara suna wannan kuka. Gaskiya ne kuma can ma sana'a ce, ana sayar da riguna da littattafai, kuma mutum biyu ne a sama. Amma dai ga asibiti a ƙasar Afirka ta Yamma. Zauren masoyan wane na garinmu, ko buta ya taɓa saya wa masallaci?

Kada wani ya ce wannan halin Turawa ne, mu ba mu gaje shi ba. Haba! Kafin a haifi intanet iyayenmu sun yi ƙungiyoyin Zaɓi Sonka, mutanen da suka san juna ta gaisuwar rediyo, har ta kai suna hawa mota su je biki da suna da ta'aziyyar wanda ba su taɓa gani ba. A shekarun 1970 Mudi Sipikin ya jagoranci Hikima Kulob a Kano, inda masu sana'o'i dabam-dabam, har da mata, ke rubuta waƙa su karanta a rediyo. Daga baya marubutan Raina Kama, irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba, suka haɗa kai suna buga littattafansu da kansu, kowa na tallata na ɗan'uwansa, a lokacin da manyan kamfanonin ɗab'i suka juya musu baya. Abin da ya bambanta waɗannan da zaurukan yau shi ne, 'yan ƙungiya suna duban juna, kowa na kawo nasa. A zauren masoya kuwa kowa ya ba ɗan'uwansa baya, an zuba wa mutum ɗaya ido. Ko a intanet ɗin ma mun ga misali: Ranar Hausa, da ake yi kowace 26 ga Agusta, a shafukan sada zumunta Abdulbaƙi Jari da abokansa suka faro ta a 2015. Sai dai mu ɗalibai mun mai da ita ranar sa babbar riga da ɗaukar hoto, a tambayi juna fassarar kalmomi biyu masu wuya, washegari kowa ya koma gidan jiya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, muna da abin faɗa. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya sa'an nan a Jami'ar Bayero, ya ƙare ƙuruciyarsa yana nazarin yadda manoman kewayen Kano ke noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, ba ta kuma mutu ba. A littafin da suka fitar da Bill Adams a 1999, Tumbau ta ƙasar Gezawa na cikin ƙauyuka huɗu da suka zauna a ciki. Abin da suka rubuta da Turanci, masana na duniya ke karantawa, shi ne abin da kowane tsoho a garinmu ya sani: yadda ake haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona guda, yadda ake ɗaure awaki da tumaki a gida da damina a tara taki, a kai gona da rani, yadda harawa ke komawa turke ta dawo taki, da dalilin da ya sa ba a sare gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar shuka ta sha rana. Bature ya zo daga Ingila ya ga ilmi a nan. Jikan mai gonar kuwa yana jin kunyar ya ɗauki kakansa bidiyo, kada abokai su ce masa baƙauye, ko su ce boko ya taɓa shi. Mu kuma a sashen Hausa, kowace shekara ana rubuta kundaye kan karin magana da waƙoƙin daka da sunayen tsirrai da saƙa da jima, a ɗaure su da baƙin bango, a jera a kanta, gara da ƙura su gama da su.

Za a ce ba mai kallon irin wannan, mutane shirme suke so. Wa ya gwada ya gani? Mutanen nan da ake raina wa hankali su ne ke zama awa biyu suna sauraron tafsiri, su ne ke kwana gardamar tarihin sarakunan Kano a majalisa. Kuma in ana maganar mabiya 1,000 ne, ɗaliban Hausa na Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina, in an haɗa da na kwalejojin ilmi, sun wuce haka nesa ba kusa ba. Matsalar wuta da tsadar data gaskiya ce, amma ba ta hana mu kallon zage-zage ba.

Saboda haka ina kira ga shugabannin wannan ƙungiya tamu da su sa maganar a ajandar taro mai zuwa. A buɗe tasha da sunan ƙungiya, kada a ɗora ta a kan fuskar mutum ɗaya, kowane ɗalibi in ya tafi hutu ya dawo da hira ta minti biyar da wani masani na garinsu, da yardarsa, malamai su duba kafin a saka. Kuɗin da ake kashewa wajen lemo da hayar kujeru a walimar ƙarshen shekara ya isa a sayi makirufo biyu da datar zango guda. Ni na ɗauki Gezawa, kuma da maganar gawo zan fara.